Baƙuwa a Garin da Babu Sarki

Tun da motar ta sauko daga jirgin ruwan da ya tsallako da su babu wanda ya sake cewa uffan, in ban da Mama da take ta miƙa wa mutane baƙin burodi da kifi kamar ci ne zai kori shirun.

"Thyra, karɓi ko loma ɗaya ce."

"Na ƙoshi, Mama."

"Da me kika ƙoshi? Tun da muka fito ko ruwa ban ga kin kai baki ba."

Thyra ta kau da kai. Ta jingina goshinta da gilashi tana kallon gonaki suna gudu baya, amma zuciyarta ta riga motar isa Copenhagen, babban birnin ƙasar.

Shekara biyu ke nan ana wannan yaƙi a gidan Laurits Vestergaard. Tun ranar da Thyra ta dawo daga karatun aikin jinya, ta zauna gaban mahaifinta ta ce akwai wanda take so, sunansa Asger, maƙeri ne, kuma a Christiania, wata unguwa a cikin Copenhagen, aka haife shi, daga ranar gidan bai sake jin daɗin cin abinci tare ba.

Laurits mai jiragen kamun kifi ne a Thyborøn, garinsu da ke gaɓar teku ta yamma, dattijon coci, mutumin da giya ba ta taɓa taɓa leɓensa ba, kuma jirginsa bai taɓa fita teku ranar Lahadi ba ko da kifi zai yi tsalle ya faɗo ciki. A wurinsa Christiania ba unguwa ba ce, taron 'yan wiwi ne da suka mamaye tsohon barikin soja suka ce babu mai mulkinsu.

"Kin girma, ba zan ɗaure ki da igiya ba," haka ya gaya mata a lokacin. "Amma in kika koma can, kin tafi ba da albarkata ba."

Ta yi kuka har ta gaji. Sai bana, da aka zo shawarar inda za a je hutun bazara kamar yadda suka saba, ta durƙusa kusa da kujerarsa ta ce, "Baba, gani ya kori ji. Ka je ka gan shi sau ɗaya."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya ce, "Zan je. Amma gani ba yarda ba ne."

Abin da bai gaya mata ba shi ne wanda zai tuƙa su. Sai da safiyar tafiya ta fito da jakarta ta tarar da Ejnar yana goge gilashin mota.

Ejnar shi ke jan babban jirgin mahaifinta. Ba shi da yawan magana, ba shi da abin kushe, kuma duk Thyborøn an san wadda yake jira. Wannan haƙurin nasa shi ya fi ƙona mata rai. Da mugu ne da ta samu abin da za ta riƙe ta ƙi shi da shi.

Yanzu a cikin motar Ejnar ya ɗago ido ya dube ta ta madubi.

"A ƙyale ta, Gudrun," ya ce wa Mama. "Wataƙila an dafa mata wanda ya fi namu a can."

"An dafa," Thyra ta ce ba tare da ta juyo ba. "Kai dai ka kula da hanya, shi aka ɗauko ka yi."

"Thyra." Muryar Baba ce daga kujerar gaba, ko waiwayowa bai yi ba.

Ta mayar da goshinta kan gilashi.

* * *

A wajen Christiania suka ajiye motar, don mota ba ta shiga unguwar. Thyra ta so ta bi da su ta ƙaramar ƙofar baya inda itatuwa suke, amma Baba ya ce, "Ta inda kowa yake shiga za mu shiga. Ba kin ce in zo in gani ba?"

Haka suka faɗa layin da ake baje wiwi a kan tebura kamar tumatir a kasuwa. Karnuka na yawo babu igiya. Hayaƙi ya tsaya a iska. Baba yana tafe da baƙar kwat ɗinsa ta coci, hannaye a baya, yana duban kowane tebur ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba kifin da ya kwana.

Mama ta hango wani bango da aka zane da furanni da tsuntsaye, ta ɗaga na'urar hotonta.

"Inna, sauke abin nan," wani mai jan gemu ya ce daga bayan teburinsa. "Ba a hoto a nan."

"Ai bangon kawai zan ɗauka."

"Bangon ma ba ya so."

Abokansa suka yi dariya. Mama ta cusa na'urar a jaka, kunnuwanta sun yi ja.

"Garin da babu sarki," Baba ya ce a hankali, "amma ga dogarai."

"Baba, ba nan yake zaune ba. Su kansu mutanen ciki ba kowa ke son layin nan ba. Mu ƙarasa ka gani."

Suka ƙarasa. Hayaniya ta ragu, hanya ta hau tsohuwar ganuwa ta bi gefen tafki, inda kowa ya gina gidansa yadda ransa ya so, wani kamar kwale-kwalen da aka kife, wani duk tagogi. Thyra ta ji ƙirjinta ya ɗan saki. Ta san kowace kwana a nan. Ta san matar da ke shanya a can, ta san sunan kyanwar da ke kan katanga.

Asger yana tsaye a ƙofar maƙerarsa, tsakanin kekunan nan masu ƙafa uku da akwati a gaba waɗanda yake ƙerawa. Dogo ne, ya ɗaure gashinsa a ƙeya, ya sa farar rigar da daga gani aro ce, don hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. A bayan hannunsa na dama tabon ƙunar da ta haɗa su yana nan, wadda ita ta wanke ta ɗaure masa a asibiti tana ɗaliba.

Ya miƙa hannu. "Sannu da hanya, Laurits."

"Vestergaard ake ce mini."

"Sannu da hanya, Vestergaard."

Baba ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba. Ya juya shi ya dubi kantar da ke tafin. Daga nan ya sunkuya kan ɗaya daga cikin kekunan, ya bi layin walda da babban yatsansa tun daga sama har ƙasa. Bai ce komai ba, amma Thyra ta san mahaifinta, shirun nan yabo ne.

"Wannan fa?" Asger ya tambaya yana duban Ejnar.

"Direba," Thyra ta ce da sauri.

"Ejnar," in ji Ejnar, ya miƙa nasa hannun. "Na daɗe ina jin labarinka."

"Ni kuwa ban taɓa jin naka ba."

"Ba mamaki."

Aka nufi gidan Asger a bakin ruwa, wanda ya haɗa da hannunsa daga tsofaffin ƙofofi da katakon jiragen da suka mutu. Thyra ta rage tafiya har su Baba suka yi gaba, ta kama gefen rigar Asger.

"Ina da albishir," ta raɗa masa. "Na ajiye aiki. Ƙarshen wata zan kwaso kayana, ko Baba ya yarda ko bai yarda ba."

Ya tsaya cak.

"Kin ajiye?"

"Na ajiye mana. Ba kai ka ce mini taron unguwarku ya gama magana, an yarda in zauna a nan ba?"

Ya dubi ƙasa. Sai a lokacin ta lura tun zuwansu bai yarda sun haɗa ido ba.

"Asger, lafiya?"

"Mu ci abinci tukuna," ya ce.

* * *

An shimfiɗa tebur a waje ƙarƙashin bishiya, da dankali da miyar ganye da burodin da aka gasa da safe. Mahaifiyar Asger ta riga kowa zama. Siririyar mace ce mai furfura har gadon baya, da sigari a yatsu. Tana cikin waɗanda suka fara tsallaka shingen barikin tun ana kwana a ƙasa, don haka ko da yake ba a sarauta a nan, in ta yi magana ana saurara.

"Vibeke, ga iyayen Thyra," Asger ya ce.

Mama ta matso kusa da kunnen 'yarta. "Uwar tasa yake kira da suna?"

"Haka suke yi, Mama."

Da aka zuba abinci Baba ya haɗa hannayensa ya sunkuyar da kai. Mama da Ejnar suka bi shi. Thyra ma ta sunkuya, don ba ta taɓa kai loma baki ba tare da wannan addu'ar ba. Vibeke kuwa ta ci gaba da busa hayaƙinta sama, kuma da Baba ya zo ƙarshe, sai ta ƙarasa masa sauran kalmomin da irin harshen mutanen gaɓar yamma, tsaf, babu tuntuɓe.

Baba ya ɗago.

"Ke 'yar wajenmu ce."

"Harboøre," ta ce. "Ƙauyen da ke maƙwabtaka da ku. Na san addu'ar nan, Vestergaard. Ita ubana ya yi kafin ya ci abincin rana, ya goge bakinsa, sannan ya ajiye mini akwatina a waje. Ina ɗauke da cikin wannan da kake gani."

Babu wanda ya taɓa cokali.

"Allah ya kyauta," in ji Mama da ƙaramar murya.

"Bai kyauta ba. Mutanen nan ne suka kyauta, su suka ba ni bargo." Ta juyo ga Thyra ta dube ta, ba da fushi ba. "Shi ya sa nake so ki ji daga bakina ba daga bakin wani ba. Ni ce na ɗaga hannu."

"Wane hannu?"

Vibeke ta dubi ɗanta. Shi kuma farantinsa yake kallo.

"Au, bai gaya miki ba."

"Vibeke, don Allah," Asger ya ce.

"Tun kafin ƙanƙara ta narke aka zauna a kan maganarki," ta ci gaba. "Kin san yadda muke yi. Ba mai zama a nan sai kowa ya yarda, mutum ɗaya ya ce a'a magana ta mutu. Kowa ya yarda da ke, har ana murna za a samu mai duba marasa lafiya. Ni na ce a'a. In an sake zama gobe ma haka zan ce."

Thyra ta ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashin kujerarta.

"Me na yi miki?" in ji Thyra. "Na ɗebo miki itace. Da kika kwanta ciwon ƙirji ni na yi jinyarki. Me na yi miki?"

"Babu komai. Yarinyar kirki ce ke. Ba ke nake ƙi ba, abin da za ki shigo da shi nake ƙi. Dubi yadda kanki ya sunkuya yanzu ba tare da kin sani ba. Yau addu'a a kan abinci, gobe labule a taga, jibi jikokina suna coci ana koya musu kakarsu 'yar wuta ce. Ban gudo daga can don can ta biyo ni har ɗakin ɗana ba."

"'Yata ba ta taɓa koya wa kowa ƙin kowa ba," Mama ta ce, hawaye na bin kumatunta.

"Ni ma uwata haka ta ce a kaina, sannan ta tsaya a taga tana kallo ina tafiya."

Thyra ta juya ga Asger. "Ka ce mini an yarda."

"Na ce miki an kusa."

"Ka ce an gama. A waya ka gaya mini, har kana dariya."

Bai musa ba.

Baba ya ture farantinsa gefe. Ya ciro hankici ya goge hannunsa a hankali, yatsa bayan yatsa. Thyra ta runtse ido tana jiran ya ce, kin gani ko, tashi mu tafi.

Ba haka ya ce ba.

"Saurayi," ya ce wa Asger, "na ga aikinka. Hannunka ba ya ƙarya. Ina da maƙera a bakin tashar jiragenmu, mai riƙe da ita ya tsufa, idonsa ya fara mutuwa. Akwai gida a bayanta. Ka zo ka karɓa. Ba zan ce ka aske kai ba. Ba zan neme ka a coci ba sai ranar ɗaurin aure. Tunda su nan sun rufe mata ƙofa, ni na buɗe maka tawa."

Mama ta toshe bakinta da hannu. Ejnar ya ajiye kofinsa a hankali, fuskarsa ta yi fari fat, ya zuba wa tafkin ido.

Thyra kuwa ta zuba wa mahaifinta ido. Shekara biyu tana roƙon wannan kalmar, ga ta yau ta faɗo mata a kan teburin baƙi. Ta kamo hannun mahaifinta ta kifa fuskarta a kai tana kuka.

"Baba, na gode. Na gode, Baba."

Sai da ta ɗago ta gane har yanzu Asger bai amsa ba.

"Thyra," ya ce, "zo mu yi magana."

* * *

Suka gangara bakin ruwa inda ciyawa ta yi tsawo. Rana tana tsaka, yara suna iyo a ɗaya gefen.

"Ka ji abin da ya ce?" Ta riƙe hannayensa biyu. "Ka san wane ne Baba? Bai taɓa janye magana ba tunda aka haife ni. Yau ya janye saboda kai. Mu koma ka ce masa to."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya me ba?"

"Thyborøn. Ni ban taɓa zama inda wani zai ce mini yi kaza bari kaza ba. In na je can, maƙerarsa, gidansa, garinsa. Kowa yana leƙena ta bayan labule. Wata uku ba zan yi ba zan fara ƙin ganinki, kuma ba na son ranar ta zo."

"To kada mu je Thyborøn. Mu kama ɗaki nan waje, tsallaken gada kawai. Ni in nemi aiki a birni, kai ka riƙa shigowa maƙerarka da safe."

Ya girgiza kai. "Kin san ƙa'ida. Gidan da ba a kwana a ciki ba naka ba ne, wani za a ba. Ba a sayarwa, ba a ajiyewa. In na fita na fita ke nan. Kowace ƙusa a gidan nan ni na buga ta, Thyra."

"Ni kuma fa? Wa ya buga ni a nan?" Ta daki ƙirjinta. "Na bar aikina. Na shirya barin uwata tana kuka, na shirya tafiya ba albarkar uba. Ban tsaya lissafin ƙusa ba."

"Ban ce ki ajiye aiki ba."

Ta sake shi. Ta ja da baya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Gaskiya ne. Ba ka ce ba."

"Ba haka nake nufi ba."

"A'a, faɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka zauna, da ta ɗaga hannu, kai me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka tashi ka ce in babu ita ni ma babu ni? Ka ce mata ita matata ce? Ka ce wani abu?"

"Uwata ce, Thyra. Ita kaɗai ta raine ni, a ɗakin da ruwa ke daskarewa a bokiti. Ba zan tsaya gaban jama'a in ƙaryata ta ba."

"Ni na tsaya gaban ubana."

"Ke kin fi ni ƙarfin hali." Idanunsa suka ciko. "Kullum kin fi ni. Shi ya sa na kasa gaya miki. Duk ranar da na ɗauki waya da niyyar faɗa, sai in ji muryarki kina murna, sai in ce bari gobe. Na ɗauka zan shawo kanta kafin ki sani."

"Ka shawo?"

"Za ta sauko. Ki ba ta lokaci. Ki riƙa zuwa kamar da, ai babu mai hana baƙo kwana."

Thyra ta yi wata dariya mai ɗaci, hawaye na shiga bakinta.

"Baƙuwa. In riƙa zuwa da burushin haƙori a jaka, in kwana in tafi. Har yaushe? Har in yi furfura irin tata? In na haihu fa, shi ma jaririn sai an zauna a kansa?"

"Kada ki ce haka."

"Kun ce a nan kowa ɗa ne, babu mai mallakar wani. Na yarda da ku. Na je gida ina yi wa Baba gardama a kanku, ina ce masa mutanen nan sun fi mu zuciya. Ashe ku ma kuna da akwatin da kuke ajiye wa mutum a waje, sai dai ku ba kwa addu'a kafin ku ajiye."

Ya durƙusa a cikin ciyawar ya rungume gwiwoyinta, kafaɗunsa na rawa.

"Ina sonki. Allah ya sani ina sonki."

"Na sani," ta ce, tana shafa gashinsa ba tare da ta so ba. "Shi ne abin da ya fi ciwo. Da ba ka sona da na tafi da sauƙi. Tambaya ɗaya zan yi maka, Asger, kuma kada ka ce mini gobe. Za ka fita ƙofar nan tare da ni, ko ina ne?"

Ya ƙara ƙanƙame ta. Ta jira. Ta ji kukan yaran da ke iyo, ta ji guduma na bugawa a wata maƙera can nesa. Amsa ba ta zo ba.

Ta zare hannayensa daga jikinta ɗaya bayan ɗaya, ta hau ganuwa ba ta waiwaya ba.

* * *

Ta tarar da su a mota. Mama ta jawo ta ta kwantar da kanta a kafaɗarta. A wannan karon Baba a baya ya zauna, ta kasance a tsakiyarsu kamar lokacin da take ƙarama. Ejnar ya tada mota bai tambayi komai ba.

Sun ɗan yi tafiya kafin ta iya magana.

"Baba."

"Na'am."

"Da ya ce to fa?"

"Da na cika alkawari. Ban taɓa yin maganar da ba zan cika ba."

"Amma?"

Ya dubi titi. "Amma na san ba zai ce ba. Tun da na ga inda ya kafa gidan nan, da yadda yake duban uwarsa kafin ya buɗe baki, na sani. Wanda ya tsufa a teku ya san kifin da ba ya barin raminsa."

Thyra ta ɗago kanta daga kafaɗar Mama a hankali.

"Wato da ka buɗe masa ƙofa, ka san babu mai shigowa."

"Na so ki ji da kunnenki. Da ni na gaya miki, da kin ce ƙiyayya ce."

"Na sumbaci hannunka, Baba. A gabansu na yi maka godiya ina kuka."

"Wata rana za ki sake gode mini."

Ta dubi ƙeyar Ejnar. "Kai ma da kai aka shirya?"

"A'a," ya ce. "Ni da na ji ya faɗa, na ɗauka na rasa ki ke nan." Ya gyara riƙon sitiyari. "Kuma ban ji daɗin yadda ta ƙare ba, ko kin yarda ko ba ki yarda ba."

Wutar hanya ta tsayar da su kafin gada. Ejnar ya kai ido kan madubi, ya daɗe yana kallo.

"Ga shi nan tafe," ya ce.

Thyra ta juya da sauri. Asger ne a kan keke, yana ratsa tsakanin motoci, gashinsa ya kwance, farar rigar aron ta jiƙe da gumi. Ya fito. Ya biyo ta. Ta haye kan cinyar Mama ta murɗa gilashi ƙasa.

Ya dafa motar yana haki.

"Thyra."

"Ina ji. Faɗi."

Mama ta kasa kunne. Ko Baba sai da ya juyo.

"Ki ba ni zuwa ƙarshen bazara," ya ce. "Za a sake zama. Zan yi mata magana, wannan karon da gaske."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta dubi akwatin da ke gaban keken ko za ta ga jaka, ko riga ɗaya a naɗe. Babu komai a ciki sai busasshen ganye.

Wutar hanya ta koma kore, motocin baya suka fara matsa oda.

"In tsallaka gadar in tsaya a gefe?" Ejnar ya tambaya, a hankali, ba tare da ya waiwayo ba.

Thyra ta murɗa gilashin sama har ya rufe. Bakin Asger yana ta motsi a waje, ba ta jin abin da yake faɗa. Baba ya ɗora tafinsa a kan hannunta, ta janye hannun ta cusa shi a tsakanin gwiwoyinta.

"An ba da hannu," ta ce. "Mu je."